RIGAKAFIN KAJI DA AUNA GARKUWAR JIKINSU
Jawabin Kwamitin Noma da Kiwo a Taron Shekara-Shekara



Kwamitin Noma da Kiwo yana godiya da aka ba shi damar tsayawa a gabanku. Mun san wasu za su yi mamakin a ce taron da ya saba tattauna batun makaranta da asibiti da hanyar mota, yau ya zauna yana sauraron maganar kaza. Dalilinmu shi ne, a mafi yawan gidajen garin nan kaza ita ce asusun uwargida. In yaro ya kwanta rashin lafiya, kaza ake kamawa a kai kasuwa. In an kori ɗalibi saboda littafi, ko baƙo ya sauka, ko an yi haihuwa, akurki ake fara leƙawa. Amma kusan duk shekara, da zarar iskar hunturu ta kaɗa, sai annoba ta bi gida-gida ta share wannan asusu cikin 'yan kwanaki, mu kuwa mu ce ai lokacinta ne, mu jira baɗi. Muna so mu nuna cewa wannan asara tana da makari, sa'an nan akwai hanyar da ake bi a tabbatar ko makarin ya yi aiki ko bai yi ba.

CUTAR DA KE SHARE MANA AKURKI

Likitocin dabbobi suna kiran wannan annoba cutar Niyukasil. An fara gane ta a shekarar 1926 a tsibirin Java na ƙasar Indunusiya, da kuma kusa da birnin Niyukasil na Ingila, inda ta samo sunanta. A Nijeriya an fara tabbatar da ɓullarta a yankin Ibadan a 1952, kuma tun daga lokacin ta zauna daram a ƙasar nan.

Alamunta ba baƙi ba ne a wurinmu. Kaza takan takure wuri guda, ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa bargo, ta daina cin abinci, tana buɗe baki tana numfashi da ƙyar, tana zawo kore. Wadda ta ɗan jima ba ta mutu ba, sai wuyanta ya murɗe ko ƙafafunta su shanye. Masu ƙwai su rage yi. Daga shigar cutar jiki zuwa bayyanarta akan ɗauki kwana 2 zuwa 15, galibi 5 ko 6. In nau'i mai zafi ne ya faɗa wa kajin da ba su da kariya, yana iya kashe su baki ɗaya.

Abin da ke haddasa ta ƙwayar cuta ce ta jinsin bairas, wadda take fita ta kashin kaza da majinarta, ta bi ruwan sha da abinci da takalmi da kejin 'yan kasuwa. Mu kanmu muna taimaka mata. Da mutum ya ga kajinsa sun fara mutuwa, sai ya kwashi sauran ya nufi kasuwa da su, mai sayen araha kuma ya kai gidansa. Agwagi sukan ɗauki ƙwayar ba tare da sun nuna alama ba, zabi da tattabaru da talo-talo su ma suna kamuwa.

A nan akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe. Kafso da garin maganin da muke jiƙa wa kaji an yi su ne domin ƙwayoyin bakteriya, ba sa kashe bairas. Haka nan barkono da toka da sassaƙen da muka gada. Kazar da aka ba waɗannan ta tashi, jikinta ne ya yi nasara a kan cutar. Har yau babu maganin da ke warkar da cutar Niyukasil in ta kama, abin da ake da shi rigakafi ne.

YADDA RIGAKAFI KE AIKI DA IRE-IRENSA

Maganin rigakafi ita ce dai ƙwayar cutar, amma nau'i marar ƙarfi, ko wadda aka kashe. In ta shiga jikin kaza, sai jikin ya ɗauka an kawo masa hari, ya shiga ƙera wasu sinadarai na kariya waɗanda suke zagayawa cikin jini, suna jiran ranar da ta gaske za ta zo. Wannan shiri yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama, shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya: rigakafin da aka yi bayan annoba ta riga ta shigo unguwa ya makara.

Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda take wurin tun 1924, tana sarrafa magungunan rigakafin kaji iri-iri, ana kuma shigo da wasu daga waje. Masu gidajen gona sun san B1 da ake ɗiga wa 'yan tsaki a ido a kwanakinsu na farko, da LaSota da akan ba su a ruwan sha bayan 'yan makonni, da Komarov mai ƙarfi wanda allura ce da ake yi wa kajin da suka tasa kuma suka riga suka sami na farko. Dukkan waɗannan suna buƙatar sanyi na digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa bakin akurki, abin da yake da wuya a garin da wutar lantarki ba ta zama.

Domin irin yanayinmu ne masana a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Peter Spradbrow, suka samar da wani nau'i mai jure zafi da ake kira I-2. An yi amfani da shi sosai ga kajin ƙauye a Mozambik da Tanzaniya da Ghana, cibiyar Vom ma tana yin sa. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, kuma ɗan tsako da zakara kasonsu ɗaya ne. Ba ya hana cin nama ko ƙwai. Ana maimaita shi duk bayan wata huɗu, saboda kariyar tana raguwa, kuma kullum ana ƙyanƙyasar sababbin 'yan tsaki. Sai dai jure zafi ba ya nufin a yasar da shi a rana. A firiji ake ajiye shi, in za a fita da shi kuma a naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen ƙyalle, a sa a kwando mai shan iska, a riƙa bin inuwa.

ME YA SA WASU SUKA YANKE ƘAUNA?

Da muka zaga unguwanni, mun ji iyayenmu mata da dama suna cewa an taɓa yi wa kajinsu rigakafi amma suka mutu, wasu ma suna ganin rigakafin ne ya kashe su. Ba mu ƙaryata abin da idonsu ya gani ba. Abin da muke cewa shi ne, akwai dalilai sanannu da ke jawo haka.

Na farko, maganin yakan mutu tun kafin ya iso. Kwalbar da ta kwana a shagon da firijinsa ya yini babu wuta, ko ta yi tafiya a aljihun ɗan acaɓa, kamanninta ba sa canzawa, amma abin da ke ciki ya lalace. Na biyu, kuskuren haɗawa. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe maganin, haka ma sauran sabulu a mazubi, ko kwanon ƙarfe da ya sha rana. Masu bayarwa a ruwan sha sukan hana kaji ruwa na awa ɗaya zuwa biyu domin su ji ƙishi, su zuba madarar gari marar maiƙo kamar giram 2 a kowace lita domin ta kare maganin, su kuma tabbatar an shanye cikin awa biyu. Na uku, yi wa kazar da ta riga ta kamu. Tun da cutar takan ɓuya kwanaki kafin ta bayyana, kazar da aka ɗiga wa magani yau ta mutu jibi, da cutarta aka same ta. Na huɗu, raunin jikin kazar kanta, sakamakon yunwa, ko tsutsar ciki, ko hatsi mai fumfuna, ko cutar Gumboro da za mu ambata nan gaba. Na biyar, ɗan tsako yakan fito da kariyar da ya gada daga uwarsa ta cikin gwaiduwar ƙwai, wadda take raguwa cikin makonni biyu zuwa uku. Muddin tana da ƙarfi, tana iya danne maganin rigakafin kafin ya yi aikinsa.

Matsalar ita ce, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ganewa ta kallon kaza. Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan fage ido bai san kima ba. Kazar da rigakafi ya kama da wadda bai kama ba tare suke kiwo, sai ranar da annoba ta zo ake bambance su, a lokacin kuwa an riga an yi asara. Wannan ne ya kawo mu ga batun awo.

YADDA AKE AUNA GARKUWAR KAZA

Mako biyu zuwa uku bayan rigakafi, malamin dabbobi yakan zaɓi kaji kamar 20 zuwa 30 daga garke, ba tare da ya tsinci masu ƙiba kaɗai ba. Ya ɗaga fiffike, ya ɗebi jini mililita ɗaya ko biyu daga jijiyar da ke ƙarƙashinsa, abin da ba ya cutar da kaza. Sai a jingine sirinjin a karkace har jinin ya daskare, wani ruwa garai-garai mai ɗan rawaya ya taso a samansa. A cikin wannan ruwa ne sinadaran kariya suke. Shi ake tsiyayewa, a rubuta lamba, a sa a cikin sanyi, a kai ɗakin gwaje-gwaje.

Gwajin da aka fi yi, wanda ake taƙaita sunansa da HI, ya dogara ne a kan wata ɗabi'a ta ƙwayar cutar: in ta haɗu da jajayen ƙwayoyin jinin kaza, sai ta manne su wuri guda su cure. Sinadaran kariya kuwa suna riƙe ƙwayar cutar su hana ta yin haka. Ma'aikaci yakan ɗauki wani faranti na roba mai ƙananan ramuka 96, jeri takwas, kowane jeri rami 12. A ramin farko sai ya surka ruwan jinin rabi da rabi, wato kashi ɗaya cikin 2. Daga nan ya ɗiba ya sake surkawa a rami na biyu ya zama ɗaya cikin 4, na uku ɗaya cikin 8, na huɗu ɗaya cikin 16, haka har ƙarshen jeri, kamar mai ƙara wa fura ruwa yana ɗanɗanawa ya ji inda ɗanɗanonta zai ɓace. Sa'an nan ya zuba ƙwayar cutar daidai wa daida a kowane rami, ya jira kamar rabin awa, ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini.

A ramin da kariya ta rinjaya, ƙwayoyin jinin sukan kwanta a ƙasa su zama ɗigo ja guda, in aka karkata farantin ya gangaro kamar hawaye. A ramin da kariya ta ƙare kuwa, sai su cure su bazu. Rami na ƙarshe da ɗigon ya fito sosai shi ne makin wannan kaza. Ga kajin gida, masana sun daɗe suna ɗaukar rami na uku, wato ɗaya cikin 8, a matsayin mafi ƙarancin makin da ake sa ran zai tsare kaza daga mutuwa, ɗakunan gwaji da yawa kuma sun fi natsuwa da rami na huɗu zuwa sama. Wani bincike da masana a ƙasar Holan suka buga a 2008 ya nuna cewa cutar ba ta daina yawo a garke sai fiye da kashi 85 cikin 100 na kajin sun kai wannan maki na uku. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, gida biyu ko uku su yi rigakafi a unguwa sauran su ƙi, bai wadatar ba, tun da kajinmu a juji ɗaya suke tono.

Sakamakon yana ba da labari ga mai iya karanta shi. In kusan dukkan kajin makinsu ya yi ƙasa, to a binciki maganin da yadda aka ajiye shi. In wasu sun yi sama ƙwarai wasu kuma babu komai, to aikin bayarwa ne bai yi daidai ba, wasu sun samu wasu ba su samu ba. In kuwa kajin da ba a taɓa yi wa rigakafi ba suka nuna maki mai yawa, alama ce cutar ta riga ta ratsa ta cikinsu. Gwajin ba ya bambance kariyar da rigakafi ya haifar da wadda cutar kanta ta bari, saboda haka ya fi kyau a ɗebi jini sau biyu, kafin rigakafi da bayansa, a kwatanta. Har ila yau, ɗigon ido yana gina wata kariya a ido da hanyar numfashi wadda ba ta fitowa a wannan awo, don haka fassarar sakamako aikin likita ne. Akwai kuma wani gwajin mai suna ELISA, wanda na'ura ke karanta sauyin launi, ana amfani da shi musamman ga cutar Gumboro da manyan gidajen gona. Ana samun irin waɗannan gwaje-gwaje a Vom, ana kuma iya tuntuɓar asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri.

SAURAN CUTUTTUKA UKU

Matasanmu da suka shiga kiwon kajin gidan gona su kula da Gumboro, wadda ta samo sunanta daga wani ƙauye a Amurka, aka kuma fara bayaninta a 1962. Ta fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6, tana lalata wata 'yar jaka da ke kusa da duburar kaza, inda ƙwayoyin da ke ƙera sinadaran kariya suke girma. Ɗan tsakon da ya tsira daga gare ta yakan tashi da rauni, ko an yi masa wani rigakafin ba ya kamawa sosai. Auna kariyar da 'yan tsaki suka gada a kwanakinsu na farko shi ke nuna ranar da ta dace a ba su rigakafinta.

Sai ƙurajen da ke fitowa a tukku da fuskar kaza, waɗanda sauro ke taimakawa wajen yaɗa su. Rigakafinsu tsira allura ne a fatar fiffike, awonsa kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaji: bayan kwana 7 zuwa 10 a duba wurin, in an ga ɗan kumburi ko ɓawo, ya kama.

Ta uku ita ce murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, kuma a cikin watan ta ɓulla a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Ta sake dawowa Nijeriya a 2015 da 2021. Alamunta suna kama da na Niyukasil har likita ma sai ya yi gwaji yake rarrabewa, rigakafin Niyukasil ba ya tsare ta, kuma tana iya kama mutum, ta ma yi sanadin rasuwar wata mata a Legas a farkon 2007. Saboda haka duk wanda ya ga kaji suna zubewa da yawa farat ɗaya, musamman waɗanda aka yi wa rigakafi, kada ya yanka, kada ya sayar, ya hana yara taɓa su, ya sanar da ofishin dabbobi nan take.

SHAWARWARIN KWAMITI

Kwalba guda takan ɗauki kason kaji ɗari ko fiye, kuma da an buɗe ta ba ta daɗewa, don haka mai kaji goma ba za ta iya wannan aiki ita kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bisa wannan muke gabatar wa taro shawarwari kamar haka:

1. A tsayar da rigakafin gari gaba ɗaya sau uku a shekara, a watannin Fabrairu da Yuni da Oktoba, domin na Oktoba ya riga hunturu.

2. Kowace unguwa ta ba da mutum biyu, aƙalla ɗaya mace da za ta iya shiga gidaje, malamin dabbobi ya horar da su.

3. Ƙungiya ta nemi firiji mai aiki da hasken rana, a kuma sayi magani daga hannun da aka amince da shi kaɗai, a duba ranar ƙarewar aikinsa.

4. Masu unguwanni su sa a yi shela kwana biyu kafin ranar, a bar kaji a akurki da safe. Kazar da ba ta da lafiya a ware ta, kada a ɗiga mata.

5. Mai kaji ya biya ɗan abin da aka amince a kan kowace kaza, domin a sayi maganin zagaye na gaba, a kuma sallami masu aiki.

6. Aƙalla sau ɗaya a shekara a ɗebi jinin kaji daga unguwanni daban-daban, kafin rigakafi da mako uku bayansa, a gaban masu su da mai unguwa domin kawar da zargi, a kuma karanta sakamakon a wannan taro.

7. Sabuwar kaza, ta saye ce ko ta kyauta, a keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a juji.

KAMMALAWA

Mai girma Shugaban Taro, a cikin shawarwarin nan ta shida ce muke roƙon kada a yi wasa da ita, ko da yake ita ce za a fi ganin kamar ɓarnar kuɗi. Iyayenmu mata sun ji alkawura da yawa a kan kajinsu, ba za su sake sakin jiki da magana kawai ba. In muka auna muka ga aikin ya kama, muna da hujjar da za mu nuna musu. In kuma bai kama ba, za mu sani tun cikin watan Nuwamba, da sauran damar sake yi, maimakon mu sani a tsakiyar hunturu ta hanyar ƙirga mushe. Muna kira ga 'yan uwanmu mazauna birane, musamman likitoci da malaman jami'a da ma'aikatan gona, da su taimaka da iliminsu da hanyoyinsu, masu hali kuma su ɗauki nauyin firiji da kuɗin gwajin shekarar farko.

Muna godiya ga iyayenmu mata da suka buɗe mana ƙofofinsu suka gaya mana gaskiyar abin da ke damunsu.